Shantalin da Bai Ga Wuta Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar rufe makaranta ta shekarar da nake aji biyar ba, kuma ko na so in manta, 'yan ajinmu na firamare ba za su bari ba. Har yau in na haɗu da wata daga cikinsu a kasuwar Talata ko a gidan biki, kafin mu gama gaisawa sai in ga tana danne dariya, sannan ta ce, "Mai shantali, ya aiki?"

Bari in fara gaya muku irin yarinyar da nake. Ni ce mai zama a bencin ƙarshe, jikin taga, wadda malami zai yi wata da watanni yana koyarwa bai san muryarta ba. In aka yi tambayar da na san amsarta, sai in raɗa wa Luba, ƙawata da muke benci ɗaya, ita ta ɗaga hannu a tafa mata. (Ban taɓa jin haushi ba. Tafin ma tsoro yake ba ni.) Amma ido kam Allah ya ba ni. Na san malamin da ke juya hularsa in ransa ya ɓaci, na san ramin da ƙadangare ke shiga a bangon ajinmu, na san wadda ta ari takalmin yayarta. Bakina ne kawai ba ya aiki.

A makarantarmu, nan Mafara, akwai darasin da ake kira aikin hannu. Yana nan rubuce a jikin allo ranar Laraba bayan tara, amma ba mu taɓa yin komai da hannu a cikinsa ba, in ban da share fili. In ƙarshen zango ya zo sai a ce kowa ya kawo aikin hannunsa a ba shi maki. Sai iyayenmu su aika kasuwa a sayo tsintsiya ko mafici ko faifai. Masu sayarwa ma sun san lokacin, sukan ƙaro kaya. Ranar kaiwa sai ka ga tsintsiya tuli a gaban aji, duk ɗauri iri ɗaya, da tsumma launi ɗaya, malami yana ɗagawa yana juyawa kamar mai duba ƙwarewar kowa. Mun ɗauka haka aikin hannu yake a duk duniya.

Sai aka kawo mana Malama Kulu daga wata makaranta a wajen Maradun. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, kuma na lura tafin hannunta yana da kaushi, ba irin na sauran malamai mata ba. Da ta ga tsintsiyoyinmu sai ta tambayi wanda ya ɗaure su. Luba, da ba ta iya riƙe magana, ta ce wata tsohuwa ce a bakin tasha. Malama ta yi dariya ta ce to a kira tsohuwar a ba ta makin, don ita ta ci jarrabawa.

Laraba ta gaba muka tarar da amalanken shanu ya sauke yumɓu a bayan azuzuwa. Malama ta ce kakarta maginiyar tukwane ce a garin Kaya, a gabanta ta tashi, kuma abin da ta iya shi za ta fara koya mana, saƙa da ɗinki su biyo baya. Ta nuna mana yadda ake jiƙa yumɓu, a tsince tsakuwa, a zuba ƙaiƙayi a tattaka da ƙafa har ya yi laushi. Ta kife tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka, ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bubbugawa, sai ga gindin sabuwar tukunya ya fito. Ban taɓa jin daɗin wani darasi kamar wannan ba, don shi kaɗai ne ba a cewa ka tashi ka yi magana. Ka kalla, ka yi. Ni kuwa kallo ai gidana aka zo.

Amma daɗin bai kai gidajenmu ba. Muna komawa da laka har a hijabi, iyaye mata suna wanki suna mita. Wasu suka ce ba su kai 'ya'yansu makaranta don su zama magina ba, ginin tukwane yana da gidajensa. Ƙorafin ya taru a wurin Malam Umaru, na'ibin limamin unguwarmu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Dattijo ne dogo, mai tsabta ta ban mamaki, ba a taɓa ganin ɗigon goro a rigarsa ba. Ya zo ya sami Hedimasta, ni kuma ina jikin taga ina ji. Ya ce iyaye suna so a daina wasan laka a koma yadda aka saba. Hedimasta ya roƙi a bari zuwa ranar rufe makaranta, a baje abin da yara suka yi, iyaye su gani da idonsu sannan a yanke. Malam Umaru ya ce ya yarda, amma ba ya jin zai sauya ra'ayi.

Daga ranar Malama Kulu ta rage dariya. Ta ce mana kowa ya gina abu ɗaya da zai yi amfani a gida, ya yi shi da kyau, don daga abin da muka yi za a san ko darasin zai ci gaba.

Yawancin 'yan aji suka zaɓi kasko da asusu da 'yar tukunya. Ni kuwa, da ba a jin bakina amma zuciyata ke da girman kai, na ce shantali zan gina, wato butar alwala ta ƙasa mai dogon wuya, irin wadda kakata ke ajiye da ita a kusurwar ɗaki tun kafin butar roba ta cika gari. Wuyan ya ba ni wahala. Ya karye, na sake, ya karkace, na sake. Da ya tsaya sai na murza ɗan totuwar masara a kafaɗarsa ya fitar da zane, na shafe shi da jar ƙasa, na goge da ɗan dutse mai santsi har yana ƙyalli. Malama ta tsaya a kaina, ta juya shi, sai ta dafa kaina ta wuce. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Sannan aka zo gashi. An raba kayan kashi biyu, waɗanda suka riga bushewa aka fara da su. Aka jera su a wani ɗan rami, aka lulluɓe da kara da kashin shanu da ɓuntun shinkafa, aka sa wuta, mu kuma aka ce mu tsaya nesa. Ba a jima ba na ji tas, can kuma wani tas. Da aka tone washegari, wasu sun fito jajaye da ɗan baƙi-baƙi a gefe, wasu kuwa sun zama tsingaro. Kaskon Luba ya rabe biyu. Ita ko a jikinta, ta ce yanzu tana da kasko biyu. Malama ta ce haka gashi yake, wanda bai bushe sosai ba ko aka bar masa iska a ciki shi ke fashewa, kuma duk mai shakkar nasa ya kawo ta duba kafin gashi na biyu.

To, kun ji fa. Ya kawo ta duba. Abin da ya rage min kawai in ɗauki shantalina in taka zuwa gabanta in buɗe baki. Na ɗauka, na taka, na ga yara sun kewaye ta, sai na yi kwana, na sa shi cikin hijabi na tafi da shi gida.

A hanya na yi wa kaina fatawa. Na ce ai wuta zafi ce, rana ma zafi ce, kuma duk wanda ya san ranar Mafara ta bazara ya san ba ta da maraba da wuta sai hayaƙi. Na hau turmi na ɗora shi a kan kwanon ɗakin girki, kullum in juya shi in na dawo makaranta. Ya yi tauri, ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Abu ɗaya ya rage, ba shi da baƙi-baƙin nan da na gani a jikin waɗanda suka shiga wuta. Sai na lakato baƙin gindin tukunyar Inna na shafa masa a gefe ɗaya, na ɗan goge don kada ya yi yawa. (Da na sa rabin wannan dabarar a lissafi, da yanzu wani labarin ake yi.)

Ranar rufe makaranta aka jera tebura a ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya, aka baje kaya. Malama tana can tana fama da kujerun baƙi, na lallaɓa na ajiye shantalina a tsakiya, na koma cikin 'yan aji na zauna. Ban yi nufin komai ba illa a gan shi a wuce. A tunanina kayan baje koli kallo ake yi, ba a taɓawa.

Iyaye suka zo, aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka. Sannan Hedimasta ya ja manyan baƙi zuwa tebura. Malam Umaru yana gaba cikin farar shadda da ta sha bugu, hannuwansa a baya, yana kallon kasake da asusai kamar mai duba gonar da ba tasa ba. Sai ya tsaya. Na ga hannunsa ya fito daga baya. Ya ɗauki shantalina.

Ya juya shi, ya shafa wuyan, fuskarsa ta saki. Ya gaya wa na kusa da shi cewa mahaifinsa da irin wannan yake alwala, daga Bakura ake kawo masa, kuma rabonsa da ganin sabo ya manta. Malama Kulu ta waiwayo ta neme ni a cikin yara, ta yi min murmushi. Ni ma na yi mata, zuciyata fal. Wannan shi ne daɗi na ƙarshe da na ji a ranar.

Don a daidai lokacin aka kira sallar azahar. Malam Umaru ya dubi butocin roba da mutane suka riga suka kwashe, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce to bari a ga ko kayan yaran na aiki ne ko na kallo. Ya miƙa a cika masa da ruwa daga duro.

Na san abin da ruwa ke yi wa ɗanyen yumɓu. Da ƙafata na tattaka shi. Amma na ce wa kaina alwala ai ba ta daɗewa, in ya yi sauri zai gama kafin komai ya faru. Ya tattara rigarsa ya tsuguna a gindin bishiya, ya ajiye shantalin a gabansa, ya miƙa hannu zai ɗauka. Sai ga wani Alhaji mai sayen shinkafa daga Bakura, tsohon abokinsa, ya yi sallama.

Ku da kuka san gaisuwar dattawanmu, ku taya ni baƙin ciki. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Aka tambayi ruwa a gonakin Bakolori da yadda shinkafar rani ta yi. Aka tambayi mai jiki. Ina zaune ina kallon jikin shantalin yana sauya launi, daga ja mai ƙyalli zuwa ja mai duhu, tun daga gindi abin yana hawa. Gaisuwa ta yi kamar za ta ƙare, sai Alhajin ya tuna bai yi wa Malam ta'aziyyar wata gwaggonsa ba. Aka ɗaga hannu aka shiga addu'a. Kowa yana cewa amin, ni ma ina cewa amin, amma tawa addu'ar daban ce.

Ina da lokacin da zan tashi in je in ce kada a yi amfani da shi. Lokaci har ya yi yawa. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Na ma taɓa Luba don in raɗa mata ta faɗa, kamar yadda muka saba, sai ta ture hannuna ta ce in bari ana addu'a.

Aka shafa. Malam Umaru ya yi bisimilla, ya kama wuyan shantalin ya ɗaga, ya karkata shi a kan tafinsa. Ruwan da ya fito ja ne, kamar na gulbi a farkon damina. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya ɗaga shantalin sama don ya leƙa gindinsa, sai gindin ya rabu da sauran jikin, ya faɗo masa a cinya da ruwan da lakar gaba ɗaya.

Farar shadda ta koma kamar an yi yaɓe da ita. Malam yana tsugune, laka tana bin ƙafarsa tana shiga takalmi, a hannunsa kuma ga wuyan shantali shi kaɗai, da zanen totuwata a jiki. Wani ɗan aji ɗaya ya fara ƙyalƙyalewa, aka toshe masa baki. Hedimasta ya cire hula ya mayar. Ban iya kallon Malama Kulu ba, amma na ga ƙafafunta, ta haɗe su wuri ɗaya kamar ɗalibar da za a yi wa bulala.

Malam Umaru bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanga aikin wa na?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina jin tsoron kada a ce laifin Malama ne ya ɗaga ni. Na taka zuwa gabansa na durƙusa, duk garin yana kallon bayana.

"Ɗiyar wa ta?" ya tambayi na kusa da shi. Aka faɗi sunan Babana. Babana kuwa yana nan cikin iyaye, na ji tarinsa.

"To ɗiyata, mi ya hana ki sa shi wuta?"

Na ce, da muryar da ko ni da ƙyar na ji, tsoro na ji kada ya fashe. Ya ce in ɗaga murya. Na ce tsoro na ji kada ya fashe, shi ya sa na shanya shi a kan kwano, Malama ba ta sani ba.

Ya juya wuyan da ke hannunsa, ya nuna ɗan baƙin da ya rage a gefe. "Wanga baƙin hwa? In bai shiga wuta ba, ina ya samo shi?"

"Na tukunyar Inna ne na shafa."

A nan ne dattawa suka kasa riƙewa. Alhajin Bakura ya yi dariya har ya dafa bishiya. Mata suna rufe baki da mayafi. Ni kuwa ina roƙon ƙasa ta yi min abin da ruwa ya yi wa shantalina. Malam Umaru bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa yana rawa. Ya tambayi Malama ko da gaske ni na gina wuyan da hannuna, ba wanda ya taya ni. Ta ce Allah gafarta Malam, a gabanta na yi shi, kuma ita ce ta yi sakaci da ba ta lura babu shi a wurin gashi ba. Ya gyaɗa kai, ya nemi butar roba, ya wanke abin da zai wanku, ya tafi gida sauya riga. Wuyan shantalin bai ajiye ba, da shi ya tafi.

Na koma gida ina kuka, na tabbata na kashe darasin da na fi so da hannuna. Inna ta yi faɗa, rabi a kan abin kunyar, rabi a kan hawa turminta da na yi ta yi ba ta sani ba. Na shige ɗaki ina jiran Baba ya dawo daga taron iyaye da aka yi bayan la'asar.

Da ya dawo bai neme ni ba. Ya zauna a tabarma yana ba Inna labari, da ƙarfi yadda zan ji. Ya ce kowa ya ɗauka magana ta ƙare, har Malama Kulu ta fara ba da haƙuri. Sai Malam Umaru ya ciro wuyan shantali daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya ce shi da niyyar rufe darasin ya zo, ba zai ɓoye ba. Amma shekara da shekaru ana kawo tsintsiyar kasuwa makarantar nan, bai taɓa jin yaron da ya ji tsoron kada tsintsiyarsa ta lalace ba. Ya ce kuma yanzu yana bin makaranta shantali, ba za a rufe komai ba sai an gasa masa nasa.

Aka yi dariya, aka shiga maganar gyara. Aka yarda ranar Laraba kowane yaro ya zo da tsofaffin kaya a leda don kada a ɓata na makaranta, wanda dama shi ne abin da ya fi damun iyaye mata. Wani ya ce zai ba da zana a yi rumfar shanya. Wata uwa mai saƙar faifai ta aiko cewa in an zo kan saƙa a kira ta. Malam Umaru ya ƙara sharaɗi ɗaya, cewa daga yau duk abin da za a baje a tebur a fara zuba masa ruwa, kuma ba a kusa da shi ba.

Da aka dawo hutu na sake gina shantali. Wannan karon na kai wa Malama ta duba, da ƙafata da bakina, duk da sai da na yi ta zagaye rumfar kafin in isa. Na farko ya fashe a wuta duk da haka. Na ji tas ɗinsa, na san nawa ne, kuma abin mamaki ban mutu ba. Na biyu ya fito, wuyansa ya ɗan karkace, bai kai wancan ɗanyen kyau ba, amma baƙinsa na gaskiya ne.

Baba ya raka ni zauren Malam Umaru na kai masa. Ya karɓa ya yi godiya, ya sa min albarka. Sannan ya sa aka cika shi da ruwa, ya tattare rigarsa har gwiwa, ya miƙa hannu can nesa da jikinsa kafin ya ɗaga. Shantali ya riƙe. Ya ce madalla, amma zai bar shi ya wuni da ruwan tukuna, don shi ma ya yi karatu.

Yanzu ina sakandare, ƙannena ne ke zuwa da tsofaffin kaya a leda ranar Laraba, sun kai kan saƙar tabarma. Kunya kuwa ba ta bar ni ba, har yanzu bencin ƙarshe nake nema. Abin da na koya kawai shi ne, kunyar da ka ƙi ji a gaban mutum ɗaya ba ta yafewa, jira take jama'a su taru. Shi ya sa in ina da tambaya yanzu nakan yi ta, a hankali dai, wani lokaci sai malami ya ce in maimaita. Gara in maimaita sau biyu da in sake durƙusawa a gaban na'ibin liman ina bayanin gindin tukunyar Inna.